Ciyawar da Na Cire a Rami na Sha Shida

Na cire ciyawa guda ɗaya a filin golf na Hartum. Saboda ita mutumin da na yi shekara tara ina ɗaukar wa jaka ya rasa tafiya gasa ƙasar waje, ni kuma na rasa aikina. Sunana Haruna. Kusan shekara arba'in na yi ina bin masu buga golf da jaka a kafaɗa. Kadi ake ce wa mai wannan aiki.

Abin da ya sa nake ba da labarin, rannan na zauna wurin mai shayi, samari suna kallon wasan a waya. Ɗaya ya ce, "Baba Haruna, ashe wannan ne aikin da ka yi a Hartum? Yawo a kan ciyawa da laima? Ai ko kakata za ta iya." Sauran suka kwashe da dariya. Na ce masa, "Kakarka na san ta, ta fi ka ƙarfi. Amma ita ma kwana ɗaya za ta yi a sallame ta." To ku saurara, ku da kuke ganin ɗaukar jaka ne kawai.

An haife ni a wani ƙauyen Hausawa kudu da Madani, bakin tur'a, wato babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin Jazira. Ubana Abakar ba shi da hawasha, wato gona, tasa ta kansa, ta wani Balarabe yake nomawa a raba amfani. Auduga, dawa, gyaɗa. Abin da ya fi tsana a duniya aya-aya ce, ciyawar nan da Larabawa ke ce wa si'ida. In ka yanke ta daga sama, kwana uku ta dawo. Sai dai ka kama ta a gindi, ka murɗa, ka ja a hankali har ƙwayar da ke ƙasa ta fito, ka karkaɗe ƙasar a gwiwarka. In muna tafiya da shi, ko a gonar wani ne, na wuce aya-aya ban sunkuya ba, sai in ji mari a ƙeya. Kafin in kai shekara goma hannuna ya daina neman izinina. Haka duk mutanen ƙauyenmu suke. Za ka ga dattijo zai tafi jana'iza cikin farar jallabiya, ya sunkuya ya cire, ya ci gaba da tafiya, bai ma san ya yi ba.

Ina da shekara sha biyar aka kai ni Madani wurin Kawu Bello, dangin uwata. Shi ne babban kadi a filin kulob ɗin manyan ma'aikatan auduga. Tun zamanin Turawa yake wurin. Filin nan ba irin wanda kuke gani a waya ba ne. Babu koriyar ciyawa ko ta magani. Baƙar laka ce busasshiya, da ƙaya, da rana. Wurin da ramin yake, wanda muke ce wa fage, yashi ne aka kwaɓa da baƙin man mota aka daddale. Kafin mai wasa ya tura ƙwallo rami, sai kadi ya ja wani faffaɗan ƙarfe mai mariƙi daga ƙwallon zuwa ramin, ya share masa hanya. Wata shida na yi ina jan ƙarfen nan kafin Kawu ya bar ni na taɓa jaka. Ƙafafuna da rigata kullum baƙi ƙirin, har uwata ta ɗauka makanikanci nake koyo.

Jakar farko da na ɗauka ta wani mufattishi ce, wato sufeton gona, ta fata, mai nauyi kamar buhun gyaɗa. Muna tsaye a wurin bugun farko Kawu ya zo ya ce, "Ɗan Abakar, sanduna nawa ne a ciki?"

Na ce, "Sha huɗu."

"Ka ƙirga?"

"Na ƙirga jiya da na goge su."

"Jiya na tambaye ka?"

Na ƙirga. Sha biyar ne. Shi ya cusa ɗaya da safe ban gani ba. A gaban mutane ya kama kunnena ya ce, "Sha huɗu doka ta ce. In ta wuce, kowane rami aka buga da ita a jaka, a ƙara wa mutuminka bugu biyu, har ya kai huɗu. Shi za a rubuta wa, ba kai ba. Laifin kadi a kan mai wasa yake sauka. Ka ji?" Daga ranar ban taɓa saɓa jaka ba sai na bi kan sandunan da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

Wasan a baki ba shi da wuya. Rami sha takwas ne, wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. Wuyar tana cikin dokoki, kuma ni ban iya karatu ba. Akwai littafinsu, na sha ganinsa a aljihun alƙalin wasa, amma duk abin da na sani daga bakin Kawu na ji shi, ko na ga ya faɗa a kan wani. Uwar dokokin ita ce: inda ka tarar da ƙwallonka, nan za ka buge shi. Ba ka tura shi da ƙafa, ba ka gyara masa wurin zama. A Madani an yi mana sassauci guda, saboda lakar Jazira in ta bushe tana tsagewa har mutum ya zura hannu zuwa gwiwar hannu. In ƙwallo ya faɗa tsaga, a ciro shi a jefa a gefe, ba tara. Ciro shin aikin kadi ne. Sau biyu kunama ta harbe ni a cikin tsagar nan. Na biyun ban ajiye jakar ba sai da muka gama rami tara.

Wata rana da la'asar Kawu ya zaunar da ni gindin bagaruwa. Ya ajiye ƙwallo a ƙasa kusa da wani ɗan tsiron ƙaya, ya zuba busasshen ganye, da tsakuwa, da kashin awaki kewaye da shi. Ya ce, "Share masa." Na kwashe ganyen, na ɗauke tsakuwar, na ture kashin. Na kai hannu kan tsiron, ya buge hannun da sanda.

Ya ce, "Abin da ya mutu ya rabu da ƙasa, ɗauke shi. Amma a hankali, in ƙwallon ya motsa, bugu ɗaya ne. Abin da yake da saiwa kuwa ba naka ba ne. Kar ka cire, kar ka karya, kar ka lanƙwasa. Bugu biyu."

Na ce, "Kawu, ai ciyawar banza ce."

Ya ce, "A gonar ubanka. Nan ba gonar ubanka ba ce."

Na ji, na kuma riƙe. Sai dai a filin Madani abin da ke tsirowa bai taka kara ya karya ba, awaki sun riga kowa. Kaina ya san dokar, hannuna bai taɓa samun inda zai koye ta ba.

Masu wasa iri-iri ne. Na ɗaukar wa wani babban ɗan kasuwa jaka, mutumin kirki, ba ya wuce kowa bai gaishe shi ba. Ranar gasa abokin karawarsa ya yi bugu mai kyau, shi kuwa cikin murna ya ce, "Masha Allah! Da wace sanda ka buga?" Wancan ya amsa masa. Duk su biyun aka ƙara musu bugu biyu-biyu. A gasa ba ka neman shawara wurin kowa sai kadinka, ba ka kuma ba wa kowa. Ɗan kasuwan ya yi ta faɗa, wai wane irin wasa ne da taimakon ɗan'uwa ya zama laifi. Wani kuma likita ya tsaya gaisuwar mutuwa a hanya, ya iso bayan lokacinsa da minti bakwai. Da cikin minti biyar ya iso, bugu biyu ne. Da ya wuce biyar, aka ce ya koma gida. Ya ce mamacin maƙwabcinsa ne. Alƙali ya ce Allah ya jiƙansa, amma ba za ka buga ba. A ƙasar nan da ake sa biki ƙarfe huɗu a fara ƙarfe bakwai, nan ne kaɗai na ga agogo yana da iko a kan manya.

Akwai kuma waɗanda ƙwallonsu ba ya taɓa ɓacewa. Doka ta ce in ƙwallo ya ɓace, a nema na minti biyar, yanzu an mayar uku. In ba a gani ba, ka koma inda ka bugo, a ƙara maka bugu ɗaya. Wani mutum da ba zan faɗi aikinsa ba, aljihun wandonsa a huje yake, ta nan yake sakin wani ƙwallon a ɓoye. In an gaji da nema sai ka ji ya ce, "Ga shi nan!" Kawu ya ce mini, "Irin wanga, ka ɗauki jakarsa sau ɗaya don kunya. Na biyu ka ce cikinka na ciwo." Shi ya sa kowane mai wasa na gaskiya yake yi wa ƙwallonsa alama da alƙalami, don in ka bugi na wani, bugu biyu ne.

Da auduga ta faɗi, kulob ɗin ya bi ta. Manyan ma'aikata suka watse, mutane suka fara yanka filin suna gini. Kawu Bello ya rasu a lokacin. Na yi 'yan shekaru ina dako a kasuwar Madani, har na ji an buɗe filin golf na ciyawa a bayan Hartum, suna neman waɗanda suka san aikin. Na hau bas na tafi.

Ranar da na fara taka filin nan sai da na cire takalmi. Ciyawa shimfiɗe kamar darduma, ruwa na fesowa daga ƙasa. Sabon koyo na yi. Farin turke iyaka ne, in ƙwallo ya ƙetare shi kamar ya ɓace ne. Jan turke ko rawaya na bakin ruwa ne, in ƙwallo ya faɗa, bugu ɗaya, ka jefa wani. Jefawar ma da ƙa'ida: a lokacin ka miƙa hannu daidai kafaɗa ka saki, yanzu daga gwiwa ake saki. Akwai kwarin yashi da aka haƙa da gangan, in ƙwallonka yana ciki ba ka taɓa yashin da sanda kafin bugu. In ya shige inda ba ya buguwa, ka ce ba ya buguwa, ka ɗauki tarar bugu ɗaya, ka auna tsawon sanda biyu ka jefa. Bayan dokoki ga aikin kansa: ka san nisan kowane wuri da taku, ka san iska daga ganyen dabino, ka durƙusa a fage ka ga inda ƙasa ta karkata. Ka san lokacin magana da lokacin yin shiru. Jaka a kafaɗa awa huɗu zuwa biyar, a ranar Hartum.

A nan na haɗu da Salah, injiniyan ruwa, muna ce masa Bashmuhandis, wato babban injiniya. Dogo ne, ba ya son surutu, ni ma haka. Ranar farko a rami na uku ya miƙo hannu ya ce, "Sanda lamba bakwai." Na ba shi lamba shida, wadda ta fi kai ƙwallo nesa. Ya dube ni. Na ce, "Iska tana gabanka." Ya buga, ƙwallon ya sauka taku uku daga tutar da ke kafe a ramin. Washegari ya ce wa mai rabon jaka, "Bahaushen nan nawa ne." Shekara tara ba wanda ya ɗauki jakarsa sai ni. Ya san sunayen 'ya'yana. In azumi ya zo mukan fito da sassafe mu buga rami tara kafin rana ta yi zafi. Alamar ƙwallonsa ɗigo biyu ne ja.

A shekara ta tara aka sa gasa ta kwana uku. Biyun da suka zo kan gaba za a kai su wata gasa a ƙasar waje. Salah ya haura hamsin a lokacin. Ya ce mini, "Ya Haruna, in ban tafi bana ba, ba zan ƙara samu ba. Yaran nan sun taso." Wata huɗu muna shiri. Ranar ƙarshe wani saurayi ya yi nisa a gaba, ba mai kamo shi. Kujera ɗaya ta rage, tsakanin Salah da wani likita, Daktor Amir. Tare aka haɗa su. Kadin Daktor Amir Bahaushe ne daga Damazin, Yakubu, abokina. Muna tafe a bayansu muna hira da Hausa, ba mai jin abin da muke cewa.

Damina ta yi ƙarfi a shekarar. A rami na sha shida akwai wata magudanar ruwa a gefen hagu, inda injin yankan ciyawa ba ya kaiwa. Salah ya buga, ƙwallon ya karkata can. Shi ya tsaya shan ruwa, ni na yi gaba, Yakubu ya biyo ni taya nema. Na gan shi a bakin magudanar, cikin iyaka. Na ajiye jaka, na durƙusa in duba ɗigo biyun. Suna nan.

Abin da na sani bayan wannan, ina karkaɗe ƙasa a gwiwata. Na dubi hannuna. Aya-aya ce, har da ƙwayarta. A bayan ƙwallon take tsaye, tazarar yatsa huɗu, daidai inda sanda za ta bi. Yanzu ba ta nan, sai ɗan rami.

Na ɗaga kai. Yakubu yana kallona.

Ya ce, "Mi ka yi, Haruna?"



Ya waiwaya. Su Salah suna tahowa, da sauran taku arba'in. Ya ce, "Sa ta aljihu. Ni ban ga komai ba."

Na ce, "Mutuminka ne zai ci in na faɗa."

Ya ce, "Mutumina yana da asibiti. Kai mi kake da shi? Sa ta aljihu, don Allah. Ciyawa ce, ba ɗan mutum ka kashe ba."

Na sa ta aljihu. Salah ya iso, ya dubi ƙwallon ya ce, "Alhamdu lillahi, ya zauna da kyau." Na ba shi lamba takwas. Ya buga, ƙwallon ya ƙetare ruwan da ke gaban fage ya tsaya kusa da tuta. 'Yan kallo suka tafa. Ya tura shi rami da bugu ɗaya.

Rami na sha bakwai da na sha takwas na yi aikina yadda na saba. Na faɗi nisa, na faɗi iska, na riƙe tuta. Ƙwayar tana sukar cinyata ta cikin aljihu. Aka gama, Salah ya fi Daktor Amir da bugu ɗaya. Daktor ya rungume shi ya ce, "Mabruk." Yakubu ya wuce ta gefena ya ce a hankali, "Shi ke nan, ya wuce. Je ka wanke sanduna."

Ga yadda ake rufe gasa. Kowane mai wasa abokin karawarsa ne yake rubuta masa bugunsa a kati. In an gama, ka duba katinka, ka sa hannu, ka miƙa wa alƙali. In ka sa hannu a kan adadin da ya fi na gaskiya, shi za a bar maka. In ka sa a kan wanda ya gaza na gaskiya kana sane, an kore ka daga gasar. Ba alƙalin da ke bin kowa a fili. Sa hannun nan shi ne rantsuwar.

Salah yana tsaye a inuwar rumfa da katin da alƙalami. Na je na ce, "Bashmuhandis, kafin ka sa hannu."

Ya ce, "Me?"

Na ciro ciyawar na nuna masa. Na ce, "A sha shida. A bayan ƙwallonka take. Ni na cire."

Ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Don me?"

Na ce, "Ban sani ba. Hannuna ne."

"Hannunka. Shekara talatin kana aikin nan, hannunka."



Ya ce, "Wa ya gani?"

"Yakubu."

"Zai yi magana?"

"Ba zai yi ba."

Ya matso kusa, ya rage murya. Ya ce, "Ka san me ka yi mini yanzu? Da ka yi shiru, da na sa hannu da zuciya ɗaya. Ban sani ba, ba ni da laifi, ko gaban Allah. Yanzu ka ɗauke ta daga wuyanka ka rataya a nawa."

Na ce, "Sunanka ne zai hau katin. Ni kuma na san abin da ke ciki."

Ya karɓi ciyawar daga hannuna, ya tafi teburin alƙali, ya ajiye ta a kan katin. Aka kira ni, na faɗi yadda aka yi. Alƙalin ya tambayi nisan ta da ƙwallon, na nuna da yatsu. Ya ce bugu biyu. Salah ya gyara, ya sa hannu. Wanda ke gaba da ɗaya ya koma baya da ɗaya. Daktor Amir ya ce shi ba ya son kujera ta wannan hanya, alƙali ya ce ba kyauta ba ce da za a mayar.

Na wanke sandunan sha huɗu, na goge, na kai jakar bayan motarsa. Ya rufe but ɗin da kansa. Ya ce, "Kar in ƙara ganinka kusa da jakata."

Wannan ita ce muguwar shekarata. Labari ya zaga kulob. Wasu suka ce na yi gaskiya, amma ba wanda ya ce a ba shi ni. Mai wasa ba ya son kadin da hannunsa ke aiki shi kaɗai, kuma da gaskiyarsu. Wasu cikin kadi-kadin suka sa mini suna Mai Noma. Da safe in zo in zauna a benci, a kira kowa a bar ni. Yakubu yakan raba ful ɗinsa, wato dafaffen wake, da ni, yana ci yana zagina. "Kai dai jaki ne, Haruna. Na ba ka ƙofa ka bi ta bango." Bayan wata biyu na tattara na koma ƙauye. Na shiga aikin ƙodago a hawashar mutane, cire ciyawa daga safe zuwa azahar. A nan ba wanda ya ce na yi laifi.

Da shekara ta zagayo shugaban ma'aikatan filin ya aiko a kira ni. Ba jaka ya ba ni ba, ciyawa ya ba ni. Aya-aya ta ci gefen fili, magani ya kasa, ya ce ya ji an ce na iya. Na yi wata takwas a durƙushe. Daga baya aka fara ba ni jakar baƙi, 'yan ofisoshin jakadanci da masu wucewa, waɗanda ba su san labarin ba. Tun daga lokacin in na isa wurin ƙwallo hannayena biyu suna baya, ɗaya riƙe da ɗaya. Salah yana zuwa da sabon kadinsa. In mun haɗu ya ce salamu alaikum, in amsa. Shekara biyar ba mu wuce haka ba. Bai ƙara shiga gasar neman tafiya ba.

Sai yaƙi ya zo Hartum. Na fito da kayan jikina, kwana uku kafin in kai Madani. Filin ban san abin da ya zama ba. An ce ciyawar ta ƙone, an ce motoci sun bi ta kai. Yakubu ya kai Damazin, na ji yana da rai.

Bayan kamar wata guda ina tashar motocin Madani da rana, ina dako, mutane ko'ina da katifu da yara. Na ji an ce, "Ya Haruna." Salah ne. Ya rame, gemu ya yi fari, yana riƙe da jakar kaya guda, matarsa da 'yarsa suna zaune a inuwar wata bas.

Na ce, "Bashmuhandis. Kun fito lafiya?"

"Mun fito. Yaranka?"

"Suna ƙauye."

"Alhamdu lillahi."

Na ce, "Sandunan fa?"

Ya ce, "Suna gida. In gidan yana nan."

Muka tsaya. Kwandasta yana ta kiran Gadarif. Sai ya ce, "Ciyawar nan. A bayan ƙwallon take ko a gefe?"

Na ce, "A baya. Yatsa huɗu."

"Da tana nan, da na ƙetare ruwan?"

"Da ba ka ƙetare ba. Da ta kama sandar."

"Ka tabbata?"

"Aya-aya ce, Bashmuhandis. Ba ta sakin abu."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To bugu biyu ne. Daidai ne."

Bas ɗinsu tana can ƙarshen tasha. Na miƙa hannu zan ɗauki jakar. Ya riƙe ta kaɗan, sannan ya saki. Na saɓa ta a kafaɗa, na wuce gaba, yana biye da ni har bakin mota. Na miƙa ta sama aka ɗaure. Ban sake ganinsa ba.

Da yaƙin ya iso Madani muka yi kudu da iyalina. Yanzu ina wani ƙauye kusa da Rusairis, wurin ƙanina. Ina noman albasa a bakin kogi. Kafaɗar dama ba ta ɗaguwa sosai, gwiwoyi suna ciwo in an yi sanyi. Sauran jikin yana aiki.